Shekarar da Muka Ƙirga Wankan Jego

Da sunan Allah nake farawa, Shi da Ya san abin da ke cikin mahaifa da abin da ƙasa ta rufe. 'Ya'yana, wannan babin ban so rubuta shi ba. Na gidan mahaifina a Gummi, da fadamar shinkafarsa, da yadda muke tsallaka gulbi zuwa makaranta, duk sun zo mini da sauƙi. Amma a bikin da aka yi bara na ji da kunnena wata tsohuwa tana nuna ni da haɓa, tana ce wa ta kusa da ita waccan ce ta miƙa wa baƙi sunayen matattun garin mijinta. Ɗaya daga cikinku yana tsaye a wurin, ya ji, kuma har yau bai tambaye ni ba. Na san kunya ce ta hana shi. To ga yadda abin ya faru, da inda na yi daidai, da inda nake neman gafara.

Ƙauyen babanku yana tsakanin Bukkuyum da Anka, garin manoma gero da dawa. Gidan da aka kai ni babban gida ne. Akwai kakarku Inna Tumba, ita ke riƙe da komai tun rasuwar mijinta. Akwai babanku, da ƙanensa Lawali, da matar Lawali, Ige, 'yar Gwashi, mace marar yawan magana mai saurin dariya. Ni kuwa Ta-Gummi suke ce mini. Ni kaɗai ce macen da ta gama sakandare a unguwar, don haka wasiƙa da katin asibiti duk ɗakina ake kawowa. Suna jin daɗin hakan, suna kuma tsoronsa. Na sha shiga wuri in ga hira ta yanke, kamar mai biro tana iya kwashe magana ta kai wani waje.

Sai dutse ya shigo gari. Baƙi daga nesa suka fara haƙa ramuka a daji, mazanmu suka bi su, aka riƙa kawo buhunan dutsen zinariya cikin gidaje. A waje ana tsoron ɓarayi, a cikin gida kuma ga mata masu daka. Turmin da muka yi surfe da safe, a cikinsa muke dakan dutse da hantsi. Lawali ya kafa ƙaramin injin niƙa a bayan ɗakin Ige. Garin dutsen laushi gare shi kamar garin tuwo, ruwan toka, yana kwanciya a kan tabarma da murfin randa da gashin yara. Masu rarrafe suna bi ta cikinsa suna tsotsar hannu. Ba zan ɓoye muku ba, ni ma na daka. Keken ɗinkin da kuka tashi kuka gani a ɗakina daga wannan dakan ya fito. Rufin ciyawa ya koma kwano, babura suka cika ƙofar masallaci, kowa yana cewa Allah Ya dubi garinmu.

Da rani ya tsaya sai yara suka fara faɗuwa. Yaro yana wasa, sai amai, sai ya daina cin abinci, sai taune-taune, kwana biyu a ɗauke shi cikin tabarma. Wasu suka ce sanƙarau ne, wasu suka ce iskokin ramuka ne suka biyo baƙi, wasu kuma suka fara kallon wata tsohuwa da ke zaune ita kaɗai a bayan gari. Kowa yana zargin wani, ba wanda ya dubi turmi. Ku kun tashi a cikin gari, ba ku san yadda mutuwar ƙaramin yaro take a ƙauye ba. Ba a zaman makoki, ba a ɗaga murya. Maza uku ko huɗu su kai shi su dawo, a ce wa uwar ya koma, ta yi haƙuri, yana can yana jiranta. Washegari ta ɗauki taɓarya. Saboda haka kowane gida ya san nasa kawai da na maƙwabcinsa, ba wanda ya haɗa su wuri ɗaya.

Ni abin ya tsaya mini a rai, yadda yaro zai wuce ba a sake kiran sunansa. Sai na fara rubuta su a bayan littafin addu'o'ina, don in ambace su bayan sallar walaha in roƙa wa iyayensu dangana. Da yake Muhammadu da A'isha sun yi yawa a garin, sai nake ƙara sunan gidan kusa da sunan yaron don kada in ruɗe. Iyakar niyyata ke nan. A gidanmu na rubuta biyu, duk na Ige. Ɗan farinta Basiru, mai shekara huɗu, wanda yake bina da kwano yana cewa in kankaro masa ƙanzo. Sai jaririn da ta haifa bayan rasuwar Basiru, ya kwana biyar ya koma ba a yi suna ba, na rubuta jaririn Ige. Ta rage da Balki, 'yar shekara biyu, sa'ar 'yar'uwarku Kulu.

Muna cikin haka labarin ƙauyen Sunke ya iso mana, cewa can ma haka ake, kuma ma'aikatan lafiya sun ce gubar dalma ce a cikin dutsen. Ba a jima ba aka ce masu ƙidaya za su zo garinmu su bi gida-gida. Ranar da labarin ya zo ba abin da ba a faɗa ba. An ce gwamnati ce ke son ƙwace ramuka ta ba manya. An ce jinin yara suke ɗiba su sayar. An ce za su san yawanmu ne don su zuba maganin hana haihuwa a rijiya. Maza suka taru bayan Juma'a suka ɗaure magana: kowa ya amsa gaisuwa, amma kada a ambaci dutse. Aka kwashe buhuna aka zuba a rumbu, aka rufe injin Lawali da zana, muka share tsakar gida har sau biyu.

Da yake namiji ba ya shiga, mace suka turo, Malama Safiya, yarinya ce a kaina, da hular rana a kan mayafi da tarin takardu a hammata. Mai gari ya ce ni zan raka ta. Babanku ya kira ni zaure kafin in fita.

"Ki bi ta, ki sa ido ga abin da taka rubutawa. In kin ga ta rubuta dutse, ki hwaɗa min."

Na ce to. Kuma da zuciya ɗaya na ce, domin ni ma ban yarda da ita ba. Duk gidan da muka shiga ana kawo mata ruwa, sai ta taɓa kwanon ta yi godiya ta ajiye, ta ciro gorarta ta sha. Na ce a raina, wadda ke ƙyamar ruwanmu ba alherinmu ya kawo ta ba. Fensir take rubutu da shi, na ce don ta goge ta sake idan ta fita. Tambayoyinta uku ne ga kowace uwa: haihuwarki nawa, nawa ke raye, wani ya rasu bana?

A nan ne abin ya karkace, kuma yawancin matan ba su ɗauka ƙarya suke yi ba. Kun san ni, har yau ban kiran sunan babbanku. Mace mai kunya ba ta sa ɗan fari a lissafi, ko yana raye ko ya mutu, sai dai wani ya faɗa a madadinta ta sunkuyar da kai. Jaririn da bai kai suna ba, ba a ɗauke shi wanda ya zauna ba. Wanda aka bai wa gwaggo riƙo ya zama na gwaggo. Ga kuma tsoron baki, cewa wanda ya ƙirga 'ya'yansa a fili ya nuna wa mutuwa hanya. Mace mai haihuwa shida sai ta ce uku, ta yi dariya ta rufe fuska. Ina tsaye ina ji, na san kowanne, ina da sunayensu a ɗakina, na bar ta tana rubutawa.

Gidanmu ne na ƙarshe ranar. Ige tana zaune a bakin ɗakinta da Balki a goye, Inna Tumba tana tsaye jikin randa. Malama Safiya ta tambayi Ige haihuwarta nawa. Ige ta yi 'yar dariya ta dubi ƙasa. Inna ce ta amsa.

"Ga ta nan ga baya kina gani. Mutane kika zo ƙirgawa ko awaki?"

Ta rubuta ɗaya. Ta tambaya ko wani ya rasu bana a gidan. Inna ta ce lafiya lau muke. Malama Safiya ba ta rubuta nan take ba, ta juyo ta dube ni, ta ɗan jima tana dubana. Na ce haka ne. Wannan kalmar tawa ce, ba wanda ya sa ni, kuma ita ce na fi tunawa a duk shekarar.

Da la'asar ta zauna a zaurenmu tana haɗa takardunta, ina leƙe ta gefen ido. Ba ta rubuta dutse ko sau ɗaya ba. Da ta gama ta ce alhamdu lillahi, garinmu da sauƙi idan aka kwatanta da inda ta fito. Ta ce motar gwajin jini da masu kwashe gurɓatacciyar ƙasa ba su da yawa, garin da takarda ta nuna ya fi jin jiki shi ake fara zuwa, namu kuwa watakila sai bayan damina. Ta ce mako mai zuwa za ta biyo ta ƙarasa gidajen da ba ta samu masu su ba. Na raka ta bakin mota ina cewa a raina wayo ne, so take in tsorata in yi magana. Na koma na gaya wa babanku ba ta rubuta dutse ba, ya ce madalla, na yi aiki.

Kwana huɗu bayan haka Kulu ta yi amai. Yarinyar da ke gudu tana kiran sunan kowace kaza a gidan, sai ga ta zaune wuri ɗaya, idan na miƙar da ita ƙafafun su lanƙwashe. Na kira ta, ta dube ni kamar daga nesa. Balki ma tun jiya ta ƙi abinci. Bayan azahar na ɗauko littafin don in yi addu'a, idona yana kan layin da babu rubutu a ƙasan shafin. Ban iya karanta sunayen ba, sai idona ya koma gefe, wajen sunayen gidaje. Gidan wane, gidan wane, gidan wane kuma. Wasu gidajen sau biyu, sau uku. Wasu kuwa ko sau ɗaya ba su fito ba.

Na yago takarda daga littafin makarantar babbanku, na ja layi a tsakiya. Hannun dama gidajen da ake daka dutse, hannun hagu waɗanda ba a yi. Na riƙa kwafe sunayen ɗaya bayan ɗaya. Dama ta cika har na juya baya. Hagu suna ɗaya ne tak. Ba zan rubuta muku adadin na dama ba, har gobe bakina bai iya faɗinsa. Na zargi kaina kafin in zargi dutse. Na ce ko gidajen hagu ba su da yara ne? Amma gidan liman yana hagu, shi da ya ce ba a shigar masa da abin da bai san hukuncinsa ba, kuma babu gidan da ya kai nasa yara. Rugar Fulanin da ke bakin gari tana hagu, su da yaransu ke shan rana da sauro fiye da namu. Na dubi suna ɗayan nan na hagu, jikan liman ne, sai na tuna a gidan kakarsa ta wajen uwa yake wuni, ita kuwa turmi biyu gare ta. Na ɗaga kai na ga Kulu zaune a tsakar gida tana shafa ƙasa da tafin hannu. Na sure ta na wanke ta, na ɗaure ta a baya, ban sake sauke ta a ƙasan gidan ba.

Na nuna wa babanku. Ya riƙe takardar ya daɗe, ya sa na karanta masa gidajen sau biyu. Ya ce takarda ce, kowa yana iya jan layi ya rubuta abin da yake so. Ya ce maza sun ɗaure magana, shi ba zai zama na farkon kwancewa ba. Sannan ya leƙa fuskar Kulu a bayana, ya miƙo mini takardar, ya ce shi bai ga komai ba, ya sa takalmi ya fita. Na zauna da shi shekara da shekaru, na san wannan shi ne iyakar izinin da zai iya ba ni.

Inna Tumba ta ji mu ta katanga. Ta shigo ɗakina, abin da ba ta taɓa yi ba, ta ce in nuna mata littafin. Ba ta karatu, amma ta ga layukan, ta bi su da yatsa har ƙasa.

"Ashe ke ka rubuta ɗiyan mutane suna mutuwa, Ta-Gummi."

"Inna, sai bayan sun rasu nake rubutawa. Addu'a nake musu."

"Wa ya gani? Mu dai tun da munka tashi ba mu ga ana ajiye matattu ga takarda ba. Basiru na ciki?"

Na ce yana ciki. Ta saki littafin kamar ya ƙone ta, ta fita. Kada ku ƙi kakarku saboda wannan. Ita ta yi wa Basiru wanka da hannunta. Tana neman abin da za ta ɗora wa laifi ne, kuma biro ya fi sauƙin zargi a kan turmin da ke ciyar da gidanta. Kafin magariba maganar ta zagaya unguwa. Matan da ke kawo mini katin asibiti suka riƙa janye yaransu idan na wuce.

Ranar da Malama Safiya ta dawo na tare ta a zaure na miƙa mata takardar. Na zaci za ta karɓa da hannu biyu. Sai ta karanta ta dube ni irin kallon da na yi mata makon jiya. Ta ce wancan makon ni na ce mata haka ne, yau kuma ga wannan, wanne za ta ɗauka? Ta ce akwai garin da suka ji ana fara zuwa wa masu yawan mutuwa, sai suka ƙara sunayen da ba a taɓa haifa ba. Ta ce ko ta yarda da ni, na sama da ita ba za su karɓi takardar mutum ɗaya ba, dole sai daga bakin kowace uwa. Na ce ba za su faɗa ba, ko za a yanka su. Ta ce to ita ba ta da yadda za ta yi. Muka tsaya muna duban juna, ni da Kulu a baya tana numfashi sama-sama, kowa tana ganin ɗayar ce maƙaryaciya.

Ashe Ige tana bayan ƙyauren zaure da Balki a kafaɗa. Ta leƙo, ba ta dubi baƙuwar ba, ni ta yi wa magana.

"Yaya, ni ban iya ƙirga su. Amma na san ruwan zahi nawa na shiga."

Malama Safiya ta ce nawa. Ige ta ce uku. Na farko a gidansu a Gwashi, da damina, itacen duk a jiƙe. Na biyu a nan. Na uku bai fi wata biyu da ta gama ba, domin ko jariri ya koma sai mace ta cika arba'in ɗinta. Malama Safiya ta tambaya a hankali, wanda aka yi wa wankan farko yana ina? Inna Tumba ta fito tsakar gida ta kira sunan Ige sau ɗaya, da muryar da duk gidan ke tsoro. Ige ta gyara Balki a kafaɗa.

"Yana makwanci. Bana, da rani. Na ukun ma."

Na ga Malama Safiya ta juya fensir ta goge ɗayan da ta rubuta. Sai a lokacin na gane amfanin fensirin.

Kwana biyu muka yi muna sake bin gidajen da sabuwar tambaya. Wankan jego ba mutum ba ne, babu kunya a ƙirga shi, babu tsoron baki. Mace ba ta mantawa da shi, ta san wace tukunya, wa ya faso itace, wa ya dama mata kunun kanwa. Waɗanda suka janye yaransu daga gare ni ma, da aka taɓo wanka sai baki ya buɗe. Wata tsohuwa ta ce sha ɗaya ta shiga, kuma na bakwai da kara ta dafa ruwan don mijinta rago ne, Allah Ya jiƙansa da ragwancinsa. Aka yi dariya har Malama Safiya. Daga nan sai a bi su ɗaya-ɗaya, na wankan farko yana ina, na biyu yana ina. Yana gona. Tana gidan miji a Bukkuyum. Yana makwanci, bana. Idan aka zo nan dariyar ta ɗauke, uwar ta dubi bango, mu kuma mu jira har ta gama. Ba wadda aka sa ta kira suna. A gida na biyar wata ta ce tun da an faɗi wannan, a faɗi sauran, ta je ta yaye zanar da ke rufe da buhunan mijinta. A ranar ce kuma na tambayi Malama Safiya dalilin ƙin ruwanmu. Ta ce an hana su sha daga randar da ke kusa da wurin daka, kuma an hana su tsorata mutane kafin a tabbatar. Na ce da ta tsorata mu da ya fi.

Ba a yi mako ba motar gwajin jini ta zo. Yaran da jininsu ya fi nuna guba aka kwashe su da uwayensu zuwa asibiti a Anka, Kulu da Balki a mota ɗaya. Babanku ne ya ɗauki Kulu ya sa ta a ciki da hannunsa, a gaban duk mazan da suka ɗaure magana. Balki ta rasu a kwana na biyu. Likitan ya ce an makara da ita. Ban tambaye shi da kwana nawa ba, domin na san kwanakin da ke tsakanin ranar da na ce haka ne da ranar da na miƙa takarda. Bakwai ne. Ajali na Allah ne, na yi imani da haka, amma wannan ne abin da nake neman gafara a kansa, kuma ba shi ne abin da mutane ke zargina da shi ba.

Muna Anka aka kankare ƙasar gidajen aka zuba sabuwa, aka fitar da daka da niƙa bayan gari. Mata suka rasa sana'ar da ta fara sa su sayen kwanuka. Wasu baƙin suka tashi da cinikinsu zuwa wani gari. Lawali ya ce matarsa ta tona asirin gari a gaban uwarsa, ya ba Ige takardarta tun kafin ta share hawayen Balki, ta koma Gwashi hannu sake. Inna Tumba ba ta sake cin tuwon da na tuƙa ba har ta bar duniya, sai dai ta dama furarta. Duk da haka ni na yi jinyarta, tana karɓar ruwa a hannuna idan ba kowa a ɗakin. Bayan rasuwarta muka dawo Gummi. Babanku bai taɓa ce mini na yi daidai ba, bai kuma taɓa bari a zage ni a gabansa ba.

Takardun nan ban sake ganinsu ba. Daga baya na ji ana faɗin lambobi a rediyo, ban san ko Basiru yana ciki ba, ko jaririn da bai samu suna ba. Wasu sun zo da na'urar ɗaukar hoto sun tafi, ban san abin da suka ci da mu ba. Har yau idan mai ƙidaya ya yi sallama a ƙofata, sai na tsare shi da tambaya: wa ya aiko ka, ina za ka kai, wa zai karanta? Ku ma ku tambaya, kada ku ji kunya. Amma idan kun gama tambaya ku gaya masa gaskiya, ku ƙirga har wanda ba ku iya kiran sunansa, domin wani yana can zai dubi takardar ya yanke inda mota za ta fara zuwa.

Kulu ta rayu, kun san yadda ta rayu. Magana tana zo mata a hankali, makaranta ta gagare ta, kuma na sha ganin kuna ƙarasa mata zance don kun gaji da jira. Bara waccan, duk da halin da hanya ke ciki, na ɗauke ta muka tafi Gwashi. Ige ta tsufa fiye da ni. Ta yi aure sau biyu bayan Lawali, Allah bai sake ba ta haihuwa ba. Muka same ta tana sussukar gero a ƙofar ɗakinta. Kulu ta durƙusa ta fara gaisuwa, ina wuni, ina gajiya, ina gida, kowace kalma sai ta tsaya ta nemo ta. Na buɗe baki zan taimaka mata, Ige ta ɗaga mini hannu. Ta ajiye taɓarya ta zauna a ƙasa, ta jira har Kulu ta kai ƙarshe, tana amsa kowace ɗaya. Sannan ta kama fuskarta da hannu biyu ta daɗe tana dubawa, na san shekarun wa take aunawa.

"Yaya, ki bar min ita kwana biyu."

Na dawo Gummi ni kaɗai. Kulu ba ta dawo ba sai da aka gama girbi, da ƙunshi a ƙafa da sabon zane. Bana ma ta ce can za ta yi damina. Duk wanda ya fi kusa a cikinku ya zo ya kai ta, kuma kada ya je wa Ige hannu sake.